Yaron Takur Ya San Igiyar Hawai, Littattafanmu Ba Su San Harbo Ba



Akwai wata magana da ta zama kamar wuridi a tarukan marubuta. Da an tambayi dalilin da ya sa littafin Hausa ba ya tafiya, sai wani ya gyara zama ya ce ai yaran yanzu gem ya ɗauke musu hankali. Kowa ya gyaɗa kai, a yi tir da PlayStation da waya, a sha lemo, a watse. Har gajerun labarai ake rubutawa a kai, kuma kusan duk zubinsu ɗaya: yaro ya fara zuwa gidan gem, ya bar sallah, ya saci kuɗin cefane, ya faɗi jarrabawa, a shafin ƙarshe ga shi durƙushe yana kuka yana neman gafarar Hajiya. Mu dai a wannan makon mun zo mu ce wannan magana lalaci ce aka sa wa rigar wa'azi. Masu yin ta ba su taɓa zama sun kalli abin da suke zagi ba. Da sun kalla, da sun ga cewa abin da ya riƙe yaron nan a gaban talabijin aikin marubuci ne, wanda wasu suka yi da kyau, su kuma suka ƙi yi.

Mu ɗauki gem ɗaya tak, kuma da gangan muka zaɓi wanda ya fi kowanne nisa da rayuwarmu. Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar PS2 ya kai gida ya san yadda ake yi. Mai shago zai loda maka wasanni a filashi. Na ƙwallo da na faɗa da na mota su ka biya kuɗi dominsu, sauran gyara ne. A cikin gyaran nan akan ci karo da wani mai suna Kelly Slater's Pro Surfer, wanda kamfanin Activision ya fitar a 2002. Kelly Slater mutum ne na gaske, ɗan jihar Fulorida ta Amurka, wanda ya kai ga zama zakaran duniya har sau 11 a wasan hawan igiyar ruwa. Wasan shi ne mutum ya kwanta rub-da-ciki a kan wani dogon allo, ya tuƙa da hannuwansa ya shiga cikin teku, ya jira igiya ta taso, sannan ya miƙe tsaye a kan allon ta ɗauke shi ta yi gaɓa da shi.

Daga Dutse zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 1,000 a mota. Yaron da ke zaune a Takur ko Gida Dubu da fad a hannunsa, ruwa mafi faɗi da ya taɓa gani wataƙila dam ɗin Warwade ne. To ka ba shi mako biyu da wannan gem, ka dawo ka zauna kusa da shi. Zai gaya maka ba kowace igiya ake hawa ba. Ya san wata ta dama take karyewa, wata ta hagu. Ya san in ka yi gaba da yawa ƙarfin igiyar ya ƙare a ƙarƙashinka, in ka yi baya farin kumfa ya haɗiye ka. Ya san lokacin da bakin igiyar ke lanƙwasowa ya zama kamar kogo, da yadda ake shigewa ciki a riƙe ma'aunin daidaito kada a kife. Zai bambance maka Pipeline ta Hawai da Mundaka ta Sifaniya, kamar yadda zai bambance maka Fagoji da Yalwawa.

Ina ya samo wannan? Waɗanda suka ƙirƙiri gem ɗin ba su zana shuɗin ruwa suka rubuta “teku” a kai suka wuce ba. Wurare na gaske suka ɗauka, kowanne da halinsa. Igiya tana karyewa ne idan ta iso inda ruwa ba zurfi: ƙasanta ya rage gudu, samanta ya ci gaba, sai ya rinjaya ya faɗo. Don haka abin da ke ƙarƙashin ruwan shi ke yanke siffarta. A Pipeline da Teahupo'o ta Tahiti duwatsun murjani ne kusa da saman ruwa, shi ya sa igiyarsu ke tashi tsaye ta buɗe kogo, kuma wanda ya faɗi a nan kan dutse ya faɗi. A Mundaka kuwa tarin yashi ne a bakin kogi, igiyar ta miƙe doguwa ta hagu. Teahupo'on nan ita ce aka kai gasar hawan igiyar ruwa ta Olamfik ɗin Faris a 2024, duk da tsakaninsu ya fi kilomita 15,000. Mutanen da suka zauna suka koyi wannan bambanci, suka mayar da shi abin da yatsa zai ji, sun girmama wurin da suke ba da labarinsa, sun kuma girmama mai wasan. Sun ɗauka yana da hankalin da zai lura.

Yanzu a buɗe littattafan da ake saki a guruf-guruf na WhatsApp da manhajojin karatu, a ga yadda ake yi wa wuri. Tauraro ya sauka Dubai. Ya shiga wani haɗaɗɗen gida wanda, in ji marubuciya ko marubuci, tsayawa faɗar kyansa ɓata baki ne. To in ɓata baki ne, me muka biya kuɗi mu karanta? Wannan jimla ita ce tutar lalacin da muke magana. Mai rubutun bai san gidan ba, bai san Dubai ba, bai kuma yi niyyar bincikawa ba, sai ya jefa wa mai karatu aikin. Ba mu ce kada a rubuta Dubai ba. Abubakar Imam ya zagaya da Alhaji Imam ƙasashe a Ruwan Bagaja tun 1934, Umaru Dembo ya fita da yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin da muke cewa, idan an dawo gida ma haka ake yi. Sai a ce “wani ƙauye a Jigawa”, a sa bukka da rijiya da tsohuwa mai goro, shi ke nan an gama. Ƙauyen na iya zama na Sakkwato, na iya zama na Damagaram, ba abin da zai canja. Gem ɗin da aka yi a Amurka ya san bambancin gaɓar teku biyu, littafin da aka rubuta a Dutse bai san bambancin Kiyawa da Miga ba.

Kuma ba wai ba mu da ruwa ba ne. Nan ne abin ya fi ba mu haushi.

Duk wanda ya taɓa zuwa fadamun kogin Haɗejiya, wajen Ringim ko Harbo ta ƙasar Jahun ko Miga, ya ga masunci a kan gora. Ƙatuwar gora ce, ya kife a kanta da cikinsa, ƙafafu a ruwa suna tuƙi, hannuwa riƙe da homa. Kifin da ya kama cikin gorar yake jefawa, wato abin hawansa shi ne ma'ajinsa. Ku dubi wannan da kyau. Mutum kwance rub-da-ciki a kan abu mai yawo a ruwa, yana daidaita nauyinsa, yana karanta ruwa da ido da jiki. Mene ne bambancinsa da wancan na Hawai kafin ya miƙe tsaye? Bambancin ɗaya ne: wancan an yi masa fim da mujalla da gem, wannan kuwa ko sakin layi biyu ba a ba shi ba. Ga shi kuma nasa ya fi nauyi, domin ba maki yake nema ba, abincin gidansa yake nema. Ruwan da yake hawa ba nasa ba ne shi kaɗai. Daga sama ake juya shi, daga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa na 1992. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana shi bin inda ya saba, sai ya fantsama gonaki da gidaje. A daminar 2022 kowa a jihar nan ya ga abin da ya faru: garuruwa suka koma sai da kwale-kwale, hanyoyi suka yanke, mutane suka tare a makarantun firamare, shinkafa ta nutse tana dab da nuna. Wanda ya fito da iyalinsa a wannan dare, ya san inda ruwa ke ja da inda yake kwance, ya san ramin da ba a gani, wannan ba tauraron littafi ba ne? Shekaru sun wuce, littattafai nawa aka rubuta a kansa? A wannan tsakanin, attajirai nawa aka kai Dubai?

Ko harshen kansa yana da abin faɗa. Bahaushe da ya ga igiya, da abin da ya sani ya kira ta: raƙuman ruwa, taguwar ruwa. Mutumin tudu da ayari ne ya kalli ruwa yana tasowa da tozo, yana tafiya jere, ya ce ga raƙuma nan. Ashe hawan igiyar ruwa a Hausa hawan raƙumi ne tun asali. Marubucin da ke da irin wannan a aljihunsa bai kamata ya ji tsoron wani gem ba.

Za a ce mana: to amma gem yana ɓata yara, ko za ku musa? Ba za mu musa abin da ido ke gani ba. Akwai yaron da kuɗin tara da na makaranta duk a gidan gem suke ƙarewa. Akwai inda wasa ke rikiɗewa ya zama caca, a sa kuɗi a kan wasan ƙwallo, a tashi da faɗa. Akwai wasannin da ba su dace yaro ya gani ba, kuma a filashi ɗaya suke da sauran, mai lodawa ba ruwansa da shekarun mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Sai dai a karanta sharaɗin da ta gindaya: sai abin ya fi ƙarfin mutum, ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya jawo masa illa a fili, kuma yawanci ya ɗauki kamar wata 12 a haka. Ba kowane yaro da ya riƙe fad bayan la'asar ba ne majinyaci. Wanda ya haɗa su duka a kwando ɗaya bai taimaki na cikin matsalar ba, ya dai huta da tunani.

Sannan marubucin Hausa shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ɗauki wannan sanda. Ya manta da wa aka fara dukanta? Lokacin da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa a farkon shekarun 1990, abin da aka ce ke nan: suna ɓata tarbiyya, suna hana 'yan mata karatu, ba adabi ba ne, kayan kasuwa ne. Sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya a jaridu suna cewa a karanta tukuna kafin a yanke hukunci. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yayyenmu da suka ga wannan hayaƙi da idonsu, yau wasunsu ne ke maimaita jimlolin nan kalma da kalma, sun cire “littafi” sun sa “gem”. Ranku ya daɗe, wannan ba ta yi ba.

Abin da ya fi dacewa da marubuci shi ne ya ɗaga labulen gidan gem ya shiga ya zauna. Ba don ya yi wasa ba, don ya ji. Ɗaki ne guda, talabijin uku ko huɗu, benci, fanka mai ƙara, janareto a waje. Mai gidan sau da yawa irinmu ne, ya gama difiloma ya zagaya sakatariya da takardu har takalmi ya cinye, ya dawo ya haɗa jari da tsofaffin na'urori. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lissafinsa ya rikice: in ya ƙara kuɗin wasa yara su gudu, in bai ƙara ba mai ya cinye ribar, in zai koma sola sai ya ci bashi. Ga dokokin wurin da ba a rubuta ba, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci shi ke zama. Ga ƙaramin yaron da ba shi da ko sisi, kullum yana tsaye a baya, ya haddace kowane mishan da ido, manya na juyowa suna tambayarsa ta ina ake wucewa. Ga ɗan mai kuɗin da ke da PS ɗinsa a gida amma ya fi son zuwa nan, domin cin na'ura ba daɗi, sai ka ci mutum a gaban mutane. Ga Hausar da ake yi a wurin, gem oba da lebul da lallasa da shan kashi, ana ƙera ta kullum ba mai rubutawa. Mutum ya tsallake duk wannan, ya je ya rubuta yaro ya saci kuɗin cefane ya tuba, sannan ya yi mamakin samari ba sa karanta shi. Yaya za su karanta wanda bai taɓa kallonsu ba sai da harara?

Ba samari kaɗai ba. Yarinyar da ke aron wayar mamanta tana buga Subway Surfers, wanda wasu kamfanonin Denmak suka fitar a 2012, tana tsalle daga tarago zuwa tarago, ita da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ya tsaya a garinsu ba. Reshen layin dogo na Kano zuwa Dutse yana cikin aikin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ita ta riga jirgin isowa. Wannan kaɗai gajeren labari ne, kyauta muka bayar.

Akwai kuma abin da masu zagin ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru: bayan manyan wasannin nan marubuta ne a zaune. Andrzej Sapkowski ɗan ƙasar Folan ya aika gajeren labari gasar wata mujalla a harshensu, aka buga shi a 1986, na uku ma ya zo. Daga wannan labari littattafan The Witcher suka fito, daga littattafan aka yi gem, kashi na uku da ya fita a 2015 ya sayar da kwafi sama da miliyan 50. Da harshen Folan ya rubuta, da dodannin tatsuniyoyin yankinsu. In an ce Folan ƙasa ce mai arziki, to ga mutanen Inufiyat na Alaska, waɗanda duka-dukansu ba su kai mutanen ƙaramar hukuma ɗaya ta Jigawa ba. A 2014 suka haɗa kai da masu ƙirƙirar gem aka fitar da Never Alone, labarin wata yarinya da yanyawar ƙanƙara suna neman mafarin guguwar da ta addabi garinsu. Daga tatsuniyarsu aka ɗauko shi, da harshensu ake ba da labarin, dattawansu ne suka zauna a kan aikin. A maƙwabtanmu Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016. Mu fa? Da wani kamfanin Legas, Maliyo Games, ya sa kalmar Hausa a sunan gem ɗinsa, “Aboki” ya ɗauka, kuma kowa ya san yadda kalmar ke sauka a kunnenmu idan ta fito daga kudu. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda bai zo rabo ba, abin da aka ajiye masa shi zai ɗauka.

Alhali kayan suna nan jibge. Ruwan Bagaja kansa tafiya ce mataki-mataki, gari bayan gari, da abokin hamayya Malam Zurƙe da ke ɓullowa a kowane zango, da abin nema a ƙarshe. Duk yaron gidan gem zai gane wannan zubi nan take. Ga Gizo da Ƙoƙi. Ga duwatsun Garu da tarihin Dutse Gadawur. Ga zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda baƙi ke zuwa gani daga nesa, mu muna wucewa a mota. Ba muna cewa kowa ya ajiye alƙalami ya koma koyon haɗa manhaja ba, wannan fannin wasu ne, kuma akwai masu karanta shi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da foliteknik da Kazaure. Muna cewa ranar da ɗayansu zai tashi yin gem na Hausa, labari zai nema, da wuri mai hali, da taurari masu magana irin ta mutane. In ya buɗe littattafanmu ya tarar da gidan da faɗar kyansa ɓata baki ne, me zai zana?

Saboda haka ga abin da muke nema daga duk mai shirin turo labari a zagaye na gaba. Kada ka turo mana yaron da gem ya lalata sai in ka san sunan gem ɗin, ka san nawa ake biya, ka san abin da yake ji a ƙirjinsa idan ya ci. Kada ki turo mana ƙauye sai kin san ta ina ruwa ke shigarsa da damina. Motar Jahun tana tashi kullum daga Dutse. A je Harbo a sami masunci, a gaishe shi, a zauna. A tambaye shi yadda ake zaɓen gorar hawa, da abin da ake yi mata in ta tsage, da shekarar da ya fara hawa da wanda ya koya masa. A tambaye shi sunayen da suke kiran ruwa da su, mai gudu da mai kwanciya da mai juyawa, da yadda yake gane zurfi bai taka ba. A tafi da littafin rubutu da biro, kada a dogara da cajin waya.